Lemon Ƙara Kuzari Marar Sukari: Abin Da Aka Cire Da Abin Da Aka Bari



Da wuya a yau a buɗe firjin mai tireda a Kusfa, ko Kwarbai, ko bakin Ƙofar Doka, ba a tarar da lemon ƙara kuzari a jere ba. Sunayensu sun zauna a bakin yara da manya: Fearless, Predator, Power Horse, Red Bull, Monster da sauransu. Masu sayensu kuwa ba baƙi ba ne a gare mu. Akwai ɗan acaɓa da mai Keke Napep, akwai tela da ke kwana a kan keke idan Sallah ta matso, akwai direban da ke bin hanyar Kano ko Kaduna da dare, akwai ɗalibin Samaru da na Kongo a makon jarrabawa. Mafi yawan abin da suke sha mai sukari ne. Amma tun da mutane suka fara tsoron ciwon suga, har gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, sai wani nau'in ya fara samun kasuwa, wato wanda aka rubuta wa cewa babu sukari a cikinsa.

Wannan rubutu na jikin gwangwani ya raba mutanenmu gida biyu. Wasu sun ɗauke shi tamkar takardar shaidar lafiya, har dattijo mai ciwon suga da hawan jini ya saya ya sha hankalinsa kwance. Wasu kuma sun karɓi saƙonnin da ke yawo a waya, cewa guba ce tsantsa, tana sa ciwon daji, kuma wai da maniyyin sa ake yin ta. Dukkan ɓangarorin biyu suna zuwa zaurukan malamai suna neman hukunci. Malamanmu sun koyar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san hakikaninsa. Saboda haka bari mu fara da buɗe gwangwanin.

Abin da aka cire

Adalci ne mu fara da faɗin cewa cire sukari ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da sukari kimanin giram 27. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da jiki ke ƙonawa a yini, wato kusan giram 50 ga baligi, kuma ya fi kyau a sauko da shi zuwa giram 25. Ke nan ƙaramin gwangwani guda ya riga ya cinye wannan rabo na biyu tun mutum bai sha shayin safe ba. Wanda ya bar mai sukari ya koma marar sukari ya sauke wa jikinsa wannan nauyi, babu musu.

Sai dai harshe ba ya karɓar lemo sai da zaƙi, don haka dole a sa wani abu a gurbin sukarin. Sinadaran da aka fi sawa su ne asfatem da asesulfem, waɗanda kowannensu ya ninka sukari zaƙi kusan sau 200, da sukuralos wanda ya ninka shi kusan sau 600. Saboda tsananin zaƙinsu, ɗan kaɗan ake zubawa, kuma jiki ba ya samun wani abin ƙonawa daga gare su.

Shin zaƙin yana sa ciwon daji?

Wannan tsoro yana da tushe, ko da yake an ƙara masa gishiri. A ranar 14 ga Yulin 2023, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato IARC da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa asfatem a rukunin 2B, rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji amma hujjar da ke hannu taƙaitacciya ce. Wannan shi ne mataki na uku a jerin cibiyar. A mataki na farko, inda hujja ta tabbata, nan taba sigari da giya suke. Ya kamata a gane cewa cibiyar tana auna ƙarfin hujja ne, ba ta faɗin adadin da zai cutar.

Masu faɗin adadi wani kwamiti ne dabam mai suna JECFA, na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A wannan rana ɗaya kwamitin ya ce bai ga dalilin sauya iyakar da ya daɗe da sawa ba, wato miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a kullum. Ya ba da misali cewa idan gwangwani na ɗauke da miligiram 200 zuwa 300, mai nauyin kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 a kowace rana kafin ya tsallake iyakar. Waɗanda aka hana asfatem kwata-kwata su ne masu wata cutar gado da ba ta cika yawa ba, wadda jikin mai ita ba ya iya sarrafa sinadarin fenilalanin. Dominsu ne ake rubuta gargaɗi a jikin kwalba.

Duk da haka ba a wanke waɗannan sinadarai tas ba. Wata biyu kafin nan, a Mayun 2023, Hukumar Lafiya ta ba da shawarar kada a dogara da zaƙin da ba sukari ba don rage ƙiba, saboda ba a ga yana rage kitse a tsawon lokaci ba, kuma wasu bincike sun nuna alaƙa tsakanin daɗewa ana shan sa da ciwon suga da ciwon zuciya. Ɗaya daga cikin irin waɗannan bincike shi ne wanda aka yi a Faransa a kan mutum fiye da 100,000, aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2022. Amma hukumar da kanta ta ce shawarar mai sharaɗi ce, kuma ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba. Dalili kuwa shi ne alaƙa ba ta zama sababi: sau da yawa wanda ya riga ya yi ƙiba ko ya ga alamar ciwo shi ne ke komawa ga marar sukari, sai lissafi ya nuna kamar lemon ne ya jawo masa.

Abin da za mu riƙe a nan shi ne, zaƙin ba magani ba ne, kuma ba a tabbatar da cewa guba ne a adadin da mutane suka saba sha ba. Mun kuma lura da wani abu a cikin misalin JECFA. Duk wanda zai sha gwangwani tara na lemon ƙara kuzari a yini, wani sinadarin dabam zai kayar da shi tun bai kai ga iyakar asfatem ba.

Abin da aka bari

Wannan sinadari shi ne kafeyin, kuma yana nan daram a marar sukari kamar yadda yake a mai sukari. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin shi ne ke cikin goro da ganyen shayi da gahawa. Bambancin yana ga adadi da saurin shiga jiki. Dattijo yana ɓantarar goro kaɗan-kaɗan daga hantsi zuwa la'asar, ɗacinsa ma yana taka masa burki. Saurayi kuwa yana kwankwaɗe gora mai sanyi da zaƙi cikin minti biyu. Ƙaramin gwangwanin Red Bull yana da miligiram 80, babban gwangwanin Monster mai rabin lita yana da kusan 160.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da ma'auni a 2015. Baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, kuma kada ya wuce 200 a sha ɗaya. Mai juna biyu ta tsaya a 200 a yini. Yara da matasa kuwa miligiram 3 a kan kowane kilo. Mu buga lissafin da yaron unguwarmu. Ɗan shekara goma sha biyu mai nauyin kilo 40 iyakarsa miligiram 120 ce. Idan ya sha rabin lita mai ɗauke da 160 ya wuce iyaka da gwangwani ɗaya, ko da babu ƙwayar sukari a ciki. Mai ciki da ta sha irin wannan, ta ɗora kofin shayi a kai, ita ma ta kai bakin iyakarta.

Yadda kafeyin ke aiki ya cancanci a fahimce shi, domin nan yaudarar sunan take. Yayin da mutum yake a farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sanar da jiki cewa gajiya ta yi yawa, a kwanta. Kafeyin yana toshe kafar da wannan saƙo ke shiga. Gajiyar tana nan ba ta tafi ko'ina ba, ɗan aiken ne aka tsare a ƙofa. Lemon da babu sukari a cikinsa kusan ba shi da abin da jiki zai ƙona ya samu ƙarfi. Ke nan ɗan acaɓan da ya sha shi a madadin abincin rana bashi ya ci daga jikinsa, kuma bashin barci yakan zo karɓa a kan titi, babu sallama.

Haka nan kafeyin ba ya saurin fita. Jikin baligi yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa. Wanda ya sha miligiram 160 da ƙarfe tara na dare, har ƙarfe biyu akwai kusan 80 a jininsa. Wannan ya shafi matasan da suka mai da shi abokin tahajjudi a goman ƙarshe na Ramadan, da masu sha da sahur a cikin da babu komai. Barcin da za su rama ba zai yi nauyi ba, su wayi gari da ciwon kai da faɗuwar gaba, su kuma nemi wani gwangwanin bayan buɗa baki.

Game da zuciya, a 2019 mujallar Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta buga wani gwaji da aka yi da mutum 34 masu ƙoshin lafiya. An ba su kusan lita ɗaya ta lemon ƙara kuzari, sai aka ga jininsu ya hau, kuma tsarin bugun zuciyarsu ya sauya na tsawon awanni a na'urar awo. A Afrilun 2017 kuma, a jihar Karolaina ta Kudu, wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya faɗi a aji ya rasu bayan ya sha gahawa da babban lemo marar sukari da lemon ƙara kuzari cikin awa biyu. Mai binciken gawa ya danganta mutuwar da yadda kafeyin ya rikita bugun zuciyarsa. Irin wannan ba ya faruwa kullum, kuma ajali na hannun Allah. Amma a garin da mutane da yawa ke yawo da hawan jini ba su taɓa aunawa ba, labarin ya isa a tsaya a yi tunani.

Mafi muni shi ne haɗi. Kowa a Zariya ya san akwai matasan da ke jefa taramol ko wasu ƙwayoyi a cikin wannan lemo. Bayan rahoton BBC na ƙarshen Afrilun 2018, gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma ɗabi'ar neman abin da za a haɗa ba ta mutu ba. Kafeyin yana ɓoye mayen da zai sa mutum ya ji ya isa haka, sai ya ƙara. Saboda wannan dalili ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta taka wa masu haɗa giya da kafeyin a gwangwani ɗaya burki a Nuwamban 2010.

Taurin da sauran tarkace

Maganar maniyyin sa ba ta da asali. Sinadarin taurin, wanda ake sa kimanin giram ɗaya a ƙaramin gwangwani, ya samo sunansa ne daga kalmar sa a harsunan Girka da Rum na dā, saboda wasu masana biyu na Jamus sun fara ciro shi daga matsarmamar sa a 1827. Jikin ɗan Adam ma yana yin sa, ana kuma samunsa a nama da kifi. Wanda ake zubawa a lemo a yau a masana'anta ake harhaɗa shi, ba daga dabba ba. Faransa ta daɗe tana hana sayar da Red Bull saboda shakka a kan wannan sinadari, ta janye a 2008, sannan a 2009 hukumar Turai ta ce adadin da ake sawa ba abin damuwa ba ne. Wanda ya yaɗa jita-jitar najasa ba tare da bincike ba ya ɗauki alhaki, kuma ya kawar da idon jama'a daga inda haɗarin yake.

Abu biyu ne suka fi taurin cancantar a kula da su. Na farko tsami. Waɗannan lemuka suna da ruwan tsami mai yawa, kuma shi ke cin fatar haƙori a hankali, da sukari ko babu. Na biyu sinadarin hana lalacewa da ake kira benzowet, wanda ake samu a wasu daga cikinsu. Najeriya ta taɓa jin sunansa a kotu. A farkon 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta umarci NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi a jikin Fanta da Sprite cewa kada a sha su tare da bitamin C, bayan ƙarar wani ɗan kasuwa da aka kama kayansa a Ingila. Ma'aikatar Lafiya ta tarayya ta amsa da cewa lemukan ba su wuce ƙa'ida ba: Najeriya ta yarda da miligiram 250 a kilo, Ingila 150, saboda ƙasa mai zafi ta fi buƙatar abin hana lalacewa. Waɗancan ba lemukan ƙara kuzari ba ne, amma darasin ya shafe mu. Idan benzowet ya haɗu da bitamin C, ga zafi ga hasken rana, yana iya haifar da ɗan kaɗan na benzin, wanda aka tabbatar yana sa ciwon daji, kuma an lura hakan ya fi sauƙin faruwa a lemon da babu sukari. Duk wanda ya ga yadda ake jibge katan-katan na gorunan roba a bakin shago cikin ranar Maris da Afrilu ya san wannan magana ba ta Turai kaɗai ba ce.

To, mene ne hukunci?

Asalin abin ci da abin sha halacci ne har sai dalili ya zo. Ba a haramta abu don sunansa baƙo ne. A shekarar 1511, wato 917 bayan Hijira, wani hakimin Makka mai suna Kha'ir Beg ya tara malamai da likitoci biyu aka hana shan gahawa, amma hanin bai daɗe ba. A ɗaya gefen kuma, babban malamin Tumbuktu, Ahmad Baba, ya yi fatawar halaccin taba a farkon ƙarni na 17, bisa abin da aka sani a zamaninsa. Da likitoci suka tabbatar da cutarta, malamai da yawa suka sauya matsayi. Labaran biyu suna koya mana kada mu yi gaggawar haramtawa, kada kuma mu rufe ƙofar sabon ilimi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido, domin bai ɗauki sanin jiki a matsayin abin da ya fita daga aikin malami ba.

Bisa abin da ya gabata, muna ganin hukuncin yana bin halin mai sha. Baligi mai lafiya da ya sha ƙaramin gwangwani jefi-jefi, matuƙar babu giya a ciki, bai yi laifi ba. Wanda ya mai da shi abin kullum har ba ya iya aiki sai da shi ya shiga israfin da aya ta 31 a Suratul A'arafi ta yi hani da shi, ya kuma ɗora wa aljihunsa wani haraji. Wanda likita ya gaya masa cewa zuciyarsa ko hawan jininsa ba za su ɗauka ba, to ƙa'idar hana cutar da kai da cutar da wani, wadda ta zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ta hau kansa, kuma rubutun babu sukari bai sauke ta ba. Haɗa shi da ƙwaya don neman maye kuwa haramun ne da ba ya buƙatar dogon bayani.

Yara da abin da ya rage mana

Inda muka fi jin tsoro shi ne yara. Tun 2011 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce wannan lemo ba shi da gurbi a abincin yara da matasa. Lituweniya ta hana sayar da shi ga wanda bai kai shekara 18 ba a 2014, Latbiya ta bi sahu a 2016, Folan a 2024. Manyan kantunan Birtaniya sun daina sayar wa 'yan ƙasa da 16 tun 2018 bisa raɗin kansu. A Tarayyar Turai dole ne duk lemon da kafeyinsa ya wuce miligiram 150 a lita ya ɗauki gargaɗi cewa bai dace da yara da masu ciki da masu shayarwa ba. A unguwanninmu kuwa yaro yana miƙa kuɗin tara a miƙo masa, babu mai tambayar shekarunsa.

Gargaɗin ma, inda aka rubuta shi, da Turanci yake cikin ƙananan baƙaƙe. Kusfa unguwar karatu ce, cike take da mutanen da ke karanta Larabci da ajami ba gargada, amma wannan rubutu bai yi magana da su ba. Muna kira ga NAFDAC ta wajabta rubuta adadin kafeyin da gargaɗin yara da masu ciki da Hausa, cikin baƙaƙe manya, a kan duk abin da za a sayar a Arewa. Muna kira ga 'yan majalisar Jihar Kaduna su duba dokar shekaru irin ta waɗancan ƙasashe. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta na Shika su ne suka fi cancanta su ɗebo samfuri daga shagunan cikin ganuwa, su auna abin da ke ciki bayan ya sha rana, su gaya mana da harshenmu.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Mai shago ya ajiye kayansa a inuwa, ya ƙi sayar wa yaro ko da ribar za ta wuce shi zuwa shagon gaba, kuma zai fi sauƙi idan masu shagunan layi suka haɗa baki a kan haka. Mai ciwon suga ko hawan jini ya ɗauki gwangwanin ya kai wa likitansa ya karanta masa kafin ya mai da shi abin sha. Mai gidan da ke da yaran shago ko direbobi ya ba su lokacin barci, domin sau da yawa tsarin aikin da muka ɗora musu ne ke tura su ga firji. Iyaye mata kuma su sani zoɓo da kunun aya da lamurje, idan aka sassauta musu sukari, sun fi kowane gwangwani aminci ga yaro.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya shirya mana zuriyarmu. Shi ne Mafi sani.